Yadda Ake Fara Koyon Waldar TIG a Gida Don Sha'awa

Wanda ya saba ganin masu walda na bakin titi, inda tartsatsi ke tashi kamar an watsa garwashi, kuma ana bin ɗinkin da guduma ana kakkaɓe ɓawon da ya daskare a kansa, zai yi mamaki ranar da ya fara tsayawa kusa da mai waldar TIG. Babu tartsatsi, babu ɓawo, hayaƙin ma kaɗan ne, sai ɗan harshen wuta mai tsananin haske wanda tsawonsa bai wuce ƙwayar shinkafa ba, ga kuma mutum a zaune ya sunkuya kamar mai ɗinkin hula. Aiki ne na zama da natsuwa, wanda hannu biyu ke yi tare, wani lokaci har da ƙafa, shi ya sa ya dace da mai son koyo a gida cikin lokacin hutunsa.

A waldar da aka fi sani, sandar da ake riƙewa ita ce ke kawo wuta, ita ce kuma ke narkewa ta cike haɗin. A TIG an raba waɗannan ayyuka gida biyu. Wutar tana fitowa ne daga wani siririn tsinke na ƙarfen tangistin, wanda ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 3,422 a ma'aunin Salsiyas, saboda haka shi nasa kawai ya narka ƙarfen da ake haɗawa. Ciko kuwa da ɗaya hannun ake sa shi, daga wata waya dabam. Iskar argon da ke fitowa ta bakin tocilar walda ita ke lulluɓe wurin, ta hana iskar da muke shaƙa taɓa narkakken ƙarfen. Wani injiniya mai suna Russell Meredith ne ya kammala wannan dabara a kamfanin ƙera jiragen sama na Northrop da ke Amurka a 1941, domin haɗa ƙarfen magnesiyam, kuma da iskar heliyam aka fara, abin da ya sa har yau wasu tsofaffin masu sana'a ke kiran ta Heliarc.

Zaɓen inji da kayan haɗinsa

Abu na farko da mai koyo zai yanke shi ne irin ƙarfen da yake son haɗawa, domin shi zai nuna injin da za a saya. Baƙin ƙarfe da ƙarfen sitenles marar tsatsa da jan ƙarfe duk ana waldarsu da wutar DC, mai gudu ta hanya ɗaya, amma alminiyam sai da wutar AC, mai kai da komo. Injin da ke ba da duka biyun ya fi tsada nesa ba kusa ba. Shawarata ita ce a fara da injin inbata na DC mai ƙarfin amfiya 160 zuwa 200, sai dai idan mutum ya tabbata alminiyam ne ya kawo shi, domin watannin farko duk a kan baƙin ƙarfe za su ƙare ko da wane inji aka saya.

A duba yadda injin ke tayar da wuta. Akwai wanda sai an ƙyasta tsinken a jikin ƙarfe kamar ashana, kuma wannan yana ɓata tsinken tun kafin a fara aiki. Akwai wanda ake ɗora tsinken a hankali sannan a ɗaga, wutar ta kama. Mafi sauƙi ga mai koyo shi ne mai alamar HF, wanda wutar ke tsallakawa da kanta ba tare da tsinken ya taɓa komai ba, sai dai yana iya damun rediyo da kwamfutar da ke kusa, kuma mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirjinsa kada ya kusanci walda sai da izinin likita. Idan injin yana karɓar fedar ƙafa, to a haɗa da ita. Tana aiki ne kamar totur ɗin mota: ka danna wuta ta ƙaru, ka sassauta ta ragu.

Maganar wuta kuma ba a tsallake ta a ƙasar nan. Ƙaramin janareta na kunna fitila da fanka ba zai ɗauki injin walda ba, kuma wutar da ke hawa da sauka tana iya ƙona inbata. Inji mai amfiya 200 yana son janareta mai kimanin kVA 6 zuwa sama, mai daidaita ƙarfin wutarsa da kansa, idan kuma wutar gida za a yi amfani da ita, a kira mai gyaran wuta ya ja masa layi na musamman da waya mai kauri.

Tocila mai lamba 17 ta isa, tana ɗaukar amfiya 150, kuma ba ta da nauyin mai lamba 26 da ke gajiyar da wuyan hannu. A sayi kofunan tangaran na bakinta masu lamba 6 da 7, guda uku ko huɗu, domin suna fashewa da zarar sun faɗi. Tsinken tangistin kuwa ana gane irinsa ta launin da aka shafa a gindinsa. Mai shuɗi ko mai ruwan zinariya, wanda aka gauraya da lantanam, yana aiki a kan DC da AC duka, kuma shi nake ba kowa shawara ya saya, mai kaurin milimita 1.6 da mai 2.4. Mai ja yana da kyau a kan baƙin ƙarfe, amma akwai sinadarin toriyam a cikinsa, wanda ƙurarsa ke da illa idan an shaƙa lokacin wasawa. Wayar ciko ta baƙin ƙarfe tana ɗauke da lamba ER70S-2 ko ER70S-6, a nemi mai kaurin milimita 1.6. Kada a yi tunanin kankare sandar waldar bakin titi ko yanko wayar shinge a yi ciko da ita, ramuka kawai za ta haifar.

Iskar argon

A nan ne na fi ganin masu koyo suna faɗawa, kuma ni ma a nan na faɗi. Dole iskar ta zama argon zalla. Lokacin da na fara, na kai tukunyata wani shago aka cika mini, na dawo gida na yi kwana biyu ina fama: da na tayar da wuta sai tsinken ya yi baƙi ya tsattsage, ɗinkin ya fito da toka-toka kamar an yayyafa masa ƙasa. Na canja tsinke, na canja kofi, na zargi injin, har na fara zargin hannuna. Sai da wani dattijo mai sana'ar ya kalli tsinken sau ɗaya ya ce, "Yaro, wannan iskar ba taka ba ce." Ashe gaurayen argon da iskar kabon aka zuba mini, irin wadda ake amfani da ita a wata walda dabam mai suna MIG. Tun daga ranar nake faɗa wa mai cikawa a fili cewa ta TIG nake so, kuma nakan gwada ta a kan guntun ƙarfe kafin in fara kowane aiki.

Tukunyar tana ɗauke da matsi mai yawa, wanda yakan kai 150 zuwa 200 a ma'aunin matsi na "bar", saboda haka a tsayar da ita a ɗaure ta da sarƙa a jikin bango. A ɗaura mata regileta mai nuna yawan iskar da ke fita, a buɗe kan tukunyar a hankali ana tsaye a gefe, sannan a shafa ruwan sabulu a duk mahaɗa, inda ya yi kumfa nan iska ke zurarewa. A saita fitar iskar a kan lita 6 zuwa 8 a minti ɗaya. Ƙara ta fiye da kima ba ya ƙara kariya, yana sa ta yi guguwa ne ta jawo iskar waje cikin waldar, ga asarar kuɗi.

Kare jiki da shirya wuri

Rashin tartsatsi yana ruɗin mutane su ɗauka TIG ba ta da haɗari, alhali haskenta yana ƙona fata kamar zafin rana, cikin ɗan lokaci kuma. Na taɓa yin aikin awa ɗaya da wuyan riga a buɗe, washegari wurin ya yi ja yana raɗaɗi, bayan kwana uku ya fara saɓa. A sa riga mai dogon hannu ta auduga mai kauri, a ɓalla maɓallin wuya, a guji yadin roba da ke narkewa ya manne a jiki. Hular walda mai rufe fuska duka wajibi ce, wadda gilashinta ke duhu da kansa, a saita duhun a lamba 10 zuwa 12. Baƙin tabarau na shiga rana ba ya kare komai, kuma wanda hasken ya taɓa idonsa ya san daren da ake kwana kamar an zuba yashi a ciki. Safar hannu ta zama ta fata mai laushi, domin yatsu su ji wayar ciko.

Abubuwa uku ba a yin sassauci a kansu. Ba a walda a jikin tankin mai ko duro da ya taɓa ɗaukar fetur, ko da an ce an wanke shi. Ba a goge ƙarfe da maganin wanke birki mai sinadarin kulorin, domin zafi da hasken walda suna mayar da shi iska mai guba da ake kira fosjin. Sannan ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya, irin bututun ruwa da kwanon rufi, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon kai, mai koyo ya bar shi gaba ɗaya.

Wurin aiki yana buƙatar iska ta riƙa shiga tana fita, domin argon ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, tana taruwa a ƙasan rufaffen ɗaki, ba ta da wari balle a ji ta. Amma kuma kada iska ta bugi waldar kai tsaye. Fanka a kan teburin aiki ko iskar hunturu da ke shigowa ta taga tana kwashe argon ɗin kafin ya yi amfaninsa, sai a ga ramuka ba a san dalili ba. A juya fankar ta fuskanci ƙofa tana fitar da hayaƙi, a kare gefen da iska ke fitowa da falle. Tebur na ƙarfe da kujera mai daidai tsayi sun isa, a kawar da duk abin da wuta ke kamawa, a kuma hana yara leƙe.

Haɗa inji da wasa tsinke

Wayar tocila tana shiga ramin da ke da alamar ragi, wayar da ake maƙala wa aikin kuma tana shiga ramin mai alamar tarawa. Wanda ya saba da waldar sanda yakan juya su, sai ya ga bakin tsinken ya narke ya dunƙule cikin daƙiƙa, saboda mafi yawan zafin yana taruwa ne a ɓangaren tarawa. A maƙala wayar a wurin da ƙarfe ke sheƙi, ba kan fenti ko tsatsa ba.

Ana wasa tsinken ya yi tsini kamar fensir, tsawon tsinin ya kai ninki biyu zuwa biyu da rabi na kaurinsa. A riƙe shi yadda zanen dutsen wasawa zai bi tsawonsa, ana mirgina shi tsakanin yatsu, domin idan zanen ya kewaye shi kamar zobe harshen wutar zai riƙa yawo. A ware dutse ɗaya don tangistin kaɗai. Tun da farko a wasa guda biyar ko shida a jera a gefe, za a buƙace su duka a zaman farko. A sa tsinken ya leƙo daga bakin kofi da kamar milimita 3 zuwa 5.

Ƙarfen gwaji ba sai sabo ba. A kasuwanni irin su Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ana samun guntayen baƙin ƙarfe, a zaɓi falle mai kaurin milimita 3, a yanka shi kamar faɗin tafin hannu. Wannan kauri yana yafe kuskure, siriri kuwa hudewa yake yi kafin mutum ya gane abin da ke faruwa. A gurje shi har ya yi fari tas, domin wannan baƙin ɓawon da sabon ƙarfe ke zuwa da shi daga masana'anta datti ne a wurin TIG, sannan a goge da asiton, wani ruwan cire maiƙo mai saurin kama wuta, a tsumma mai tsabta, a goge wayar cikon ita ma, a nisantar da kwalbar asiton kafin a tayar da wuta.

Zaman farko: ba a taɓa wayar ciko

Ƙa'idar da ake fara lissafi da ita a baƙin ƙarfe ita ce kimanin amfiya 40 ga kowace milimita ta kauri, wato 120 ga falle mai milimita 3, kodayake don gwaji a bisa falle 90 zuwa 100 sun wadatar. Ka zauna, ka kafa gefen hannunka a kan tebur, ka riƙe tocilar kamar alƙalami, ka karkata ta kaɗan, kamar digiri 15 daga tsaye, bakinta yana duban inda za ka nufa. Mai aiki da dama yana tafiya ne daga dama zuwa hagu. Kafin ka kunna komai, ka ja hannunka a kan layin sau biyu ka tabbata babu inda zai maƙale.

Tazarar tsinke da ƙarfe kada ta wuce milimita 2 zuwa 3. Ka tayar da wuta ka tsaya wuri ɗaya, cikin daƙiƙa biyu ko uku za ka ga wurin ya jiƙe, ya zama ɗan kududdufi mai sheƙi kamar ɗigon man gyaɗa a faranti. Wannan kududdufin shi ne abin kallo, ba harshen wutar ba, kuma duk koyon TIG koyon karanta shi ne. Idan ya kai faɗin milimita 5 ko 6, ka fara tura shi gaba a hankali, kana kiyaye faɗinsa. In ya fara buɗewa yana lotsawa, zafi ya yi yawa ko tafiyarka ta yi jinkiri. In ya tsuke yana neman ɓacewa, tafiyarka ta yi sauri ko wutar ta yi kaɗan. In harshen wutar ya bazu ya yi faɗi, hannunka ne ya ɗaga.

Tsinken zai nutse cikin kududdufin, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Za ka ji ɗan ƙara, hasken ya canja launi, wutar ta fara rawa. Ka tsaya nan take ka canja tsinke, domin ci gaba da gurɓataccen tsinke ɓata lokaci ne, kuma yana koya wa ido karanta abin da ba daidai ba. Ka ja layi bayan layi har fallen ya cika, ka bari ya huce tsakanin layuka, saboda ƙarfe mai zafi yana narkewa da wuri ya sa ka ɗauka saitin ne ya canja. Mako ɗaya ko biyu a kan wannan kaɗai, rabin awa kullum, ya fi zaman yini guda a ƙarshen wata.

Shigo da wayar ciko

Sai layukanka sun fara fitowa da faɗi ɗaya sannan ɗaya hannun zai shigo. Ka riƙe wayar a kwance-kwance, kamar digiri 15 daga fallen, ta gaban tocila. Ka kafa kududdufi, ka dangwala bakin wayar a gabansa, ka janye kaɗan, ka matsa gaba, ka sake dangwalawa. Kududdufin ne zai narka wayar. Idan harshen wutar ne ya narka ta, za ta dunƙule ta ɗiga a bisa ƙarfen ba tare da ta haɗu da shi ba. Kada kuma ka janye ta har ta fita daga inuwar argon, domin bakinta mai zafi zai yi baƙi, ka mayar da dattin cikin waldar. Ƙirgawa a zuci tana taimakawa, ɗaya dangwala, biyu matsa, har hannu ya kama kiɗan da kansa. Tura waya ta cikin yatsu kuwa ana iya koyonsa ko a zaune ana hira, da safar hannu da guntun waya.

Ƙarshen layi yana da nasa hukunci. Idan aka yanke wuta farat ɗaya, ɗan rami yana zama a wurin, kuma daga nan tsagewa ke farawa. Ka ƙara ɗigon ciko na ƙarshe, ka sassauta feda a hankali har kududdufin ya daskare, sannan ka bar tocilar a wurin iska na ci gaba da fita. Ana saita wannan iskar ta bayan wuta a kan kimanin daƙiƙa ɗaya ga kowace amfiya 10. Tsinken da ya huce yana sheƙi shaida ne cewa ta isa, wanda ya yi shuɗi ko baƙi kuma yana neman ƙari.

Daga nan sai haɗa guda biyu. A fara da ɗora ɗaya bisa ɗaya, sannan baki da baki, sannan mai siffar T, wanda ya fi wuya saboda kusurwar tana shan zafi kuma tsinken yana son taɓa bango. Kowane haɗi a fara ɗaure shi da ɗigo a ƙarshensa biyu da tsakiya, in ba haka ba zafi zai ja ƙarfen ya buɗe. Kyan ido ba ya isa shaida: a matse abin da aka haɗa a bais, wato maƙatar da ke riƙe ƙarfe a kan tebur, a doke shi da guduma har ya lanƙwashe. Idan ɗinkin ya ɓalle ya bar gefen ƙarfen sumul, bai ci ciki ba, sai a ƙara wuta ko a rage tazarar tsinke. Yana da amfani a rubuta kwanan wata da yawan amfiya a bayan kowane guntu a ajiye.

Sitenles da alminiyam

Sitenles yana riƙe zafi wuri ɗaya, saboda haka ana rage masa wuta kaɗan a kuma yi sauri, da wayar ER308L ga nau'in 304 da aka fi samu. Launin ɗinkin yana ba da labari: fari ko ruwan zinariya ya yi daidai, shuɗi ya ɗan yi zafi, toka-toka ya ƙone. Hayaƙinsa yana ɗauke da kuromiyam mai cutarwa, a ƙara kula da fitar iska.

Alminiyam kuwa a bar shi sai hannu ya zauna. Shi kansa yana narkewa a digiri 660, amma siririn ɓawon da ke fuskarsa sai zafi ya haura 2,000, kuma wutar AC ce ke fasa wannan ɓawo yayin da ake tafiya. Ba ya yin ja kafin ya narke, sai dai kawai a ga ya yi sheƙi kamar madubi, wanda bai lura ba kuma sai ya ga wurin ya rufta. Ana goge shi da buroshin waya na sitenles wanda bai taɓa taɓa wani ƙarfe ba, a yi ciko da ER4043 ko ER5356, a fara da wuta mai ƙarfi sannan a riƙa sassauta feda yayin da fallen ke ɗaukar zafi.

Idan an tashi daga aiki, a rufe kan tukunyar argon tukuna, a saki iskar da ta rage a tiyo har allurar regileta ta sauka, sannan a kashe inji. Wayoyin ciko a mayar da su cikin kwalinsu a rufe, musamman da damina, domin wadda ta yi tsatsa ba ta sake shiga walda sai an goge ta. Ƙarfen da aka gama yanzu kuma a rubuta masa "zafi" da alli, saboda a ido ba shi da bambanci da mai sanyi.